Tambaya ta Shida

Kwana arba'in da ɗaya gawar Salmanu ta yi a asibiti kafin a ba da izinin binne ta. Bakanike ne a wani garejin manyan motoci da ke Ras Al Khor. Yana tsakar aiki ya faɗi, kafin a isa da shi asibiti rai ya yi halinsa. Kowa ya san shi da ɗan Gusau, haka yake faɗa, harshensa ma haka ya nuna. Amma da aka buɗe fasfonsa sai aka ga na Nijar ne, da wani suna dabam a ciki. Aka aika ƙauyen da aka rubuta a matsayin mahaifarsa, babu wanda ya taɓa jin labarinsa. Wayarsa kuma a kulle. A ƙarshe mutum tara suka yi masa salla aka rufe shi a nan Dubai, ba tare da wani nasa ya ji ba.

Irene ba ta san mamacin sosai ba, amma mutuwarsa ce ta cinye mata ranakun hutunta na wata biyu. 'Yar Zonkwa ce, shekararta bakwai a Dubai, tana zaman teburin karɓar baƙi a wani kamfanin jigilar kaya da ke Port Saeed. Kwana shida take aiki a mako. Lahadi kaɗai ce tata: ta je coci da sassafe, ta dawo ta yi wanki, ta kwanta. Ita ce kuma sakatariyar Zauren Zumunci, 'yar ƙungiyar da mutanen Arewa suka kafa, Musulmi da Kirista, suna haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata a siton Alhaji Maharazu, wani dattijon ɗan kasuwa mai tura kayan gyaran mota Kano. Ba neman sakatariyancin ta yi ba. Ranar zaɓe ta makara, ta iske an riga an rubuta sunanta.

Shugaban Zauren shi ne Kure, ɗan Kagoro, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya yi zirga-zirgar gawar nan tun daga farko har ƙarshe, kuma tun daga lokacin bai dawo daidai ba. Ya rame, ya rage dariya. A taron watan Mayu ya zo da takardu cikin leda, ya raba wa kowa ɗaya.

"Ƙidaya za mu yi," in ji shi. "Mu san mu nawa ne, mu san su waye mu. Abin da ya faru da Salmanu ba zai sake faruwa ina shugaba ba."

Irene ta duba takardar. Suna, lambar waya, unguwa, aiki, wanda za a kira a gida idan wani abu ya taso. A can ƙasa kuma tambaya ta shida: Kai ɗan wace ƙasa ne, kuma fasfon wace ƙasa ke hannunka?

Kowa ya zuba wa tasa takardar ido. Tun bara da aka daina bai wa 'yan Najeriya biza, wasu sun bi ta ƙasashen maƙwabta sun samo fasfo, wasu bizarsu ta ƙare sun laɓe suna jiran a buɗe. Duk wanda ke zaune a wurin ya san haka, ya kuma san su waye. Ba a dai faɗa.

Dickson, ɗan Jos mai gadi a wani kanti, shi ya fara magana. "Oga Kure, biyar ɗin farko ba matsala. Wannan ta shidan a cire ta. Yayata tana Amurka. Can ma da gwamnati ta so saka irin wannan tambayar a ƙidayar ƙasa, rigima aka yi har kotu. Ta ce maƙwabtanta sun rantse ba za su buɗe ƙofa ba idan aka zo da ita. Su da suke da lauyoyi ke nan."

"Mu gwamnati ne?" Kure ya tambaya.

"Ai gara gwamnati," in ji Hajiya A'i, wadda ke dafa tuwo da masa a Satwa tana kai wa 'yan kasuwa. "Ita ta san inda take ajiye takardunta. Kai a ina za ka ajiye? Yau tana ledarka, gobe wani ya ɗauki hoto ya sa a waya, khalas, an gama da mutum."

Wani matashin ɗan kasuwa mai suna Kamal ya ce ko a gida, ƙidayar da ake shirin yi ba ta tambayar ƙabila ko addini, don an san abin da zai biyo baya. Kure ya ce shi ya sa babu wanda ke yarda da abin da aka ƙirga. Kamal ya ce ba wannan ne dalili ba. Daga nan magana ta koma Najeriya, aka shiga tsohuwar gardamar wace jiha ta fi wace yawan mutane, har sai da Kure ya buga tebur.

Sun kai sa'a biyu a kai. Bayan Irene ya jiƙe da gumi, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Da aka ce a ɗaga hannu, ta ɗaga tare da Kure. Ta taɓa raka shi sau ɗaya lokacin gawar, ta ga yadda ya tsaya a layi tun safe har azahar aka ce ya dawo gobe. Ban da haka, so take a tashi. Sha huɗu suka ce a bar tambayar, sha ɗaya suka ce a cire. Alhaji Maharazu bai ɗaga hannu ba ko sau ɗaya, shayi kawai yake zuba wa mutane.

"Sakatariya ce za ta zaga," Kure ya ce. "Mace ce, an fi buɗe mata ƙofa."

Haka Lahadin Irene ta tafi. Daga coci ta hau jirgin ƙasa, ta sauka ta hau bas, ta bi gidajen da aka raba ɗakunansu da katako, gado kan gado, mutum takwas a inda aka gina don mutum biyu. Zafin garin ya riga ya sauka. Kafin ta tsallaka titi ɗaya takardun sun yi laushi a hannunta.

Mutane suna karɓar ta da fara'a. A ba ta ruwa mai sanyi, a tambayi mutanen gida. Su karɓi biro su fara rubutu, suna hira. Da sun iso ƙasan takardar sai hannun ya tsaya. Wani ya ce ta bari zai cike ya aiko, kuma ba ya aikowa. Wani ya miƙo mata da wurin a buɗe, yana kallon wani gefe. Akwai wani direba a Deira da ya karanta, ya ninke takardar huɗu, ya mayar mata cikin ladabi ya ce, "Anti, ni ba na ƙungiya." Alhali shi ke kawo lemo duk taro. A mako na uku labari ya riga ta isa ko'ina. Ta ƙwanƙwasa wata ƙofa a Hor Al Anz tana jin talabijin a ciki, aka kashe shi, ba a buɗe ba.

A gidan Hajiya A'i ta ƙirga takalma goma sha uku a bakin ƙofa, amma Hajiyar ta ce duk sun fita. Mutum ɗaya ce ta fito daga kicin tana goge hannu, Mahfuza, wadda ke taya ta girki. Ta zauna a bakin gado ta cike biyar, sannan ta ɗago.

"Anti Irene, me zan rubuta a nan? A Jidda aka haife ni. Babana mutumin Kano ne, amma ban taɓa ganin Kano ba sai a waya. Da aka fitar da mu, Ndjamena aka sauke mu, wajen dangin mamata. Fasfona na Chadi ne. Larabawa suna ce min 'yar Afirka, a Chadi ana ce min 'yar Saudiyya."

Irene ta dubi gurbin da ke buɗe a ƙasan takardar.

"Bar shi," ta ce.

"Ba zai ɓata takardar ba?"

"Bar shi kawai."

Ran nan a bas, tana komawa, mahaifiyarta ta kira daga Zonkwa. Bayan gaisuwa da labarin wanda ya rasu da wanda ya haihu, tsohuwar ta ce an yi sanarwa a coci kan ƙidaya, har an zo an rubuta lamba a bangon gidansu.

"Na ce idan sun zo zan ba da sunanki da na ɗan'uwanki Justin. Fasto ya ce wai a'a, sai wanda ya kwana a gidan. Na ce ɗakinki yana nan, akwatinki yana nan."

"Gaskiyarsa ce, Mama. Wanda ba ya nan ba a ƙirga shi."

"To can suna ƙirga ki?"

"Sun san da ni. Ina da katin zama."

"Kati," in ji tsohuwar, kamar an ba ta abin da ba ta nema ba. "To ma dai sun ce an ɗage. Ba su sa rana ba."

Irene ta jingina kai da gilashi. Takardu goma sha ɗaya ta samu a ranar, daga gidaje tara.

Alhaji Maharazu ta bari a ƙarshe, don shi ba ta tsammanin wahala a wajensa. Shekara ashirin da biyu yana Dubai, takardunsa a cike, shi ya tsaya mata ma ta sami aikin da take yi. Ta same shi a sito bayan la'asar, ma'aikata sun tashi, yana zaune a kan kwalin fitilun mota yana cin dabino. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya rubuta a hankali da manyan baƙaƙe. Ya ba da lambar babban ɗansa Zailani a Kano. Sannan ya ajiye biron a gwiwarsa.

"'Yata, kin san Jibiya?"

"Na ji sunanta, Baba."

"Ƙauyenmu yana gaba da ita kaɗan. Gidanmu yana Najeriya, gonar mahaifina tana Nijar. Da safe mu tafi Nijar noma, da yamma mu dawo Najeriya cin tuwo. Mahaifiyata mutuniyar Maraɗi ce. Ina saurayi na je gaida kakata, na iske ana ƙidaya, aka rubuta ni. Bayan shekara uku ina Kano ina koyon kasuwa, aka zo aka sake rubuta ni, aka shafa min tawada a yatsa. Ƙasa biyu suka ƙirga ni, babu wadda ta tambaye ni ra'ayina."

Ya tura mata farantin dabinon. Ta ɗauki ɗaya don kada ya ji ba daɗi.

"Fasfona na Nijar ne. Ba jiya na same shi ba, kuma ba sata na yi ba, haƙƙina ne ta wajen uwa. Lokacin ya fi sauƙin samu, na karɓa, na taho. A nan babu wanda ya damu. Amma 'ya'yana bakwai duk a Kano aka haife su. Zailani yana aikin gwamnati, akwai waɗanda ke son kujerarsa. Ranar da wannan takardar ta shiga wayar mutane da rubutun hannuna, za a ce ubansa ma ba ɗan ƙasa ba ne. Ba ni za a taɓa ba, shi za a taɓa."

"Baba, a wajena za ta zauna."

"Na yarda da ke. Amma ke ma baƙuwa ce a nan, watarana za ki tafi, takarda ta zauna." Ya miƙa mata. "Kure yaron kirki ne, abin da ya gani ne ya tsorata shi. Ki faɗa masa idan tawa ta zo, a kira Zailani. Shi ya san inda za a kai ni."

Wajen ƙarshen Yuni ta kai wa Kure takardu sittin da takwas a shagonsa na Satwa. Arba'in da biyar daga ciki babu komai a tambaya ta shida. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta dawo Lahadi mai zuwa ta shigar da su kwamfuta.

Da ta dawo, ta iske shi tsugune gaban wata na'ura da ya kwance. Ya nuna mata teburin da haɓa. Ta zauna, ta jawo takarda ta farko, sai ta ga jan biro a ƙasa. Ta jawo ta biyu, haka. Duk inda aka bari a buɗe, Kure ya cike da hannunsa. A ta wani direban gidan biredi ya rubuta Benin. A ta Mahfuza ya rubuta Chadi da alamar tambaya. A ta Alhaji Maharazu ya rubuta Nijar, ya ja layi a ƙarƙashi.

"Yaya Kure, wa ya ba ka wannan?"

"Na sani ne. Na taɓa kai wa Alhaji fasfonsa wajen sabunta biza."

"Bai rubuta ba. Da gangan bai rubuta ba."

"Shi ya sa na rubuta masa."

"Ni na shiga gidajen nan," ta ce, muryarta ba ta tashi ba, don ba ta da ƙarfin ɗaga ta. "Ni na sha ruwansu. Na ce musu abin da suka rubuta shi kaɗai ne zai zauna. Yanzu ka mai da ni maƙaryaciya."

Kure ya miƙe, ya goge hannu da tsumma. Idanunsa sun yi ja.

"Ke rana ɗaya kika raka ni. Ni kwana arba'in da ɗaya na yi. Duk tagar ofishin da na je, tambayar farko ita ce, ɗan wace ƙasa ne? In ce Najeriya, a ce takarda ba ta nuna haka ba. In ce Nijar, a ce to ina danginsa? Sau uku aka jawo min shi daga firji in duba in tabbatar shi ne. Ni ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba, amma ni kaɗai ne a wurin. Har yau idan na buɗe firjin wani zan gyara, sai na tsaya na yi numfashi tukuna. Masu cewa a cire tambayar, wa ya zo? Dickson ya zo? Hajiya ta zo?"

"Ba su zo ba."

"To."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta tattara takardun, ta daidaita gefensu a kan tebur, ta zura a jakarta.

"Irene, ajiye su. Na ƙungiya ne."

"Na masu su ne," ta ce, ta fita.

Gidan Hajiya A'i titi biyu ne daga shagon. Ta hau bene tana riƙe da ƙarfen matakala. Ba ta yi dogon bayani ba, ta nuna wa Hajiyar jan biron. Hajiya ta ce, "Ai na faɗa," ta kuma shirya ci gaba da faɗa, amma da ta kalli fuskar Irene sai ta fasa, ta shiga ɗaki ta ɗauko almakashin ɗinki. Tambayar tana can ƙasa, sai abin ya zo da sauƙi. Irene tana riƙewa, Hajiya tana yankewa, duka sittin da takwas ɗin, har da na waɗanda suka amsa da kansu, har da tata. Mahfuza ta kwashe guntayen ta jiƙa su a roba har tawadar ta narke, ta zubar a shara tare da ɓawon albasa. Aka zuba wa Irene tuwo, ta ci loma biyu, ta ture. Ba ta ji daɗin komai ba. Kanta ne kawai ke sarawa.

Taron watan Yuli mutum goma sha tara ne suka zo. Wasu sun daina zuwa don an saka tambayar, wasu don sun ji an yanke ta. Irene ta tashi ta ce an ƙirga mutum sittin da takwas, kowa da lambar wanda za a kira a gida. Dickson ya ce a Deira kaɗai mun fi ɗari biyar. Kamal ya ce tunda an cire abin da ake tsoro, sai a sake zagayawa. Kowa ya ce haka ya kamata. Da aka tambayi wa zai zaga, aka shiga kallon waya.

Taro ya kusa tashi. Sai Kure ya ciro hatimin ƙungiya daga aljihu ya ajiye gaban Kamal, ya ce aiki ya yi masa yawa, lokacin zafi ne, a nemi wani. Aka ba shi haƙuri, bai ɗauka ba. Irene ta ce ita ma tana so a sauya ta. Aka ce a bar wannan sai taro na gaba.

Tana tsaye a tashar bas, inuwar ba ta kai ta rufe mutum ɗaya ba, sai ga motar aikin Kure ta tsaya. Bai kalle ta ba, ya dai tura ƙofa. Ta shiga, ta ɗora jakar takardun a cinya. Suka bi ta gefen garejoji da tarin tsofaffin tayoyi, suka hau babban titi. Sai da suka kusa Satwa ya ce:

"Idan aka sake yin irin ta Salmanu, ke za ki je."

"Na ji."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani, Yaya."

Ya tsaya a bakin layinsu. Ta yi godiya, ta sauka. A sama ta iske wankin mako biyu yana jiran ta a bokiti. Ta tura jakar ƙarƙashin gado, ta cire takalma, ta kunna famfo.